Hikima a Bangaskiyar Kirista da Zaman Yau da Kullum: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan tayarwa a ajin Makarantar Lahadi, da taron zumuntar mata da na matasa, da kuma gaban dattawan ikkilisiya in an kawo musu ƙara. Ma'anar ayoyin muka kawo, ba lafazinsu ba, tunda juyin Littafi Mai Tsarki da ke hannun mutane ba iri ɗaya ba ne. Mun sa lambobinsu domin kowa ya buɗe ya duba da kansa.

Mece ce hikima a koyarwar Littafi Mai Tsarki?

Iya zaman duniya ne yadda Allah yake so. Mai hikima ya san abin da ya dace, ya san lokacinsa, kuma yana aikata shi. Wannan na ƙarshen ne aka fi mantawa. A Matiyu 7:24-27 Yesu ya kawo magina biyu, ɗaya ya gina a kan dutse, ɗaya a kan yashi. Dukansu sun ji maganarsa, ruwa ɗaya ya sauko musu, iska ɗaya ta buge gidajensu. Abin da ya raba mai hikima da wawa shi ne ɗaya ya aikata abin da ya ji, ɗayan ya ji ya bar shi a kunne.

Tsohon Alkawari ma bai ɗauki hikima abin da ke zaune a ka kawai ba. Bezalel, wanda ya jagoranci aikin alfarwa ta sujada, an ce Allah ya cika shi da hikima, hikimar tasa kuwa ƙirar zinariya ce da azurfa da tagulla, da sassaƙar duwatsu da itace (Fitowa 31:1-5). Matan da suka kaɗa zare domin alfarwar ma an yaba gwanintarsu a wannan layi (35:25). Ishaya 28:24-29 ya ce Allah ne yake koya wa manomi lokacin da zai daina huɗa ya yi shuka, da irin sandar da ta dace da sussukar kowane iri. Saboda haka uwar da ta san lokacin tsawatawa da lokacin kawar da kai, da dattijon da ya raba faɗa ba tare da ya tozarta kowa ba, duk a fagen hikima suke.

Ina bambancinta da ilimi da wayo?

Ilimi shi ne abin da ka sani. Wayo shi ne iya kai wa ga abin da kake so. Hikima tana buƙatar ilimi, tana kuma amfani da dabara, amma ita ke tambaya ko abin da kake son ya cancanci a so shi.

Mutum biyu a gidan Dawuda sun isa misali. Yonadab, an ce mutum ne mai wayo ƙwarai. Shi ya ba Amnon ɗan Dawuda dabarar yin ciwon ƙarya don ya kaɗaita da ƙanwarsa Tamar (2 Sama'ila 13:3-5). Dabarar ta ci, amma bayan shekara biyu Absalom, wan Tamar, ya sa aka kashe Amnon. Ahitofel kuwa, shawararsa a wancan zamani ana ɗaukarta kamar an tambayi Allah (16:23). Ya sa wannan basira a bayan tawayen Absalom, da aka ƙi shawararsa sai ya koma gida, ya shirya al'amuran gidansa, ya rataye kansa (17:23).

Yakubu 3:14-17 ya ba da ma'auni. Inda akwai kishi mai zafi da sonkai, wannan hikimar ta duniya ce, ƙarshenta hargitsi. Wadda take daga sama da fari mai tsarki ce, sannan mai son salama, mai sauƙin hali, mai sauraron hujja, cike da jinƙai da kyawawan ayyuka, ba ta nuna bambanci, ba ta munafunci. In an kawo maka dabara, bi ta da waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Yawancin dabarun wayo a na farko ko na ƙarshe suke faɗuwa: ko dai akwai ƙazanta a ciki, ko kuma sai an ɓoye wa wani gaskiya kafin su yi aiki.

Me ake nufi da cewa tsoron Ubangiji ne mafarin hikima?

Maganar ta zo a Karin Magana 1:7 da 9:10, da Zabura 111:10, da Ayuba 28:28. Ba firgitar bawa a gaban azzalumin ubangida ake nufi ba. Sanin cewa Allah ne mai duniyar, yana gani, kuma a gabansa za a ba da lissafi. Karin Magana 8:13 ta fassara shi da ƙin mugunta.

Ana gane shi ne a wurin da wani tsoro ya yi karo da shi. Ungozoma biyu a Masar, Shifra da Fuwa, Fir'auna ya umarce su su kashe jarirai maza na Ibraniyawa, suka ƙi domin suna tsoron Allah (Fitowa 1:15-21). A kasuwa kuwa, mai mudu biyu, babba na saye da ƙarami na sayarwa, ya nuna cewa idon mai saye kawai yake tsoro. Karin Magana 20:10 ta ce abin ƙyama ne ga Ubangiji.

Me ya sa ake cewa Yesu shi ne hikimar Allah?

Bulus ne ya faɗa wa Korantiyawa haka (1 Korantiyawa 1:24, 30), ya kuma ce wa Kolosiyawa dukan taskar hikima da ilimi a cikin Almasihu take a ɓoye (2:3). A mulkin Romawa gicciye hukuncin bayi ne da 'yan tawaye, abin kunya. Yahudawa suna neman alamu, Helenawa suna neman gwanintar tunani da magana, sai ga manzanni suna wa'azin Mai Ceto da aka gicciye. Ga wasu abin tuntuɓe ne, ga wasu wauta. Bulus ya ce ta nan Allah ya ceci duniya.

Wannan yana da tasiri a kan lissafin mai bi. Akwai abin da zai yi wanda a idon jama'a asara ce: ya yafe, ya ƙi cin hanci, ya faɗi gaskiyar da za ta rage masa riba. Akwai kuma shiri mai kyau da Allah yake kira wauta. Attajirin Luka 12:16-21 bai yi sata ba, gonarsa ce ta yi albarka, ya shirya rushe rumbuna ya gina manya. Lissafinsa daidai ne in ban da abu biyu da ya bari a waje, wato Allah da ranar mutuwarsa.

Ta yaya mutum zai sami hikima?

Da roƙo ake farawa. Yakubu 1:5-8 ya ce wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah, mai bayarwa hannu sake ba tare da gori ba, amma kada ya roƙa da zuciya biyu. Mai zuciya biyu shi ne wanda ya riga ya yanke abin da zai yi, yana neman Allah ya sa hannu kawai.

Amsar wannan addu'a yawanci ba ta hanyar mafarki take zuwa ba. Ta hanyoyin da kowa ya sani take zuwa: karatun Magana, zama da masu hikima (Karin Magana 13:20), lura da duniya, da karɓar gyara. Na ƙarshen ne mai ɗaci. Karin Magana 9:8 ta ce in ka tsauta wa mai hikima zai ƙaunace ka, in ka tsauta wa mai ba'a zai ƙi ka. Wanda babu mai iya ce masa "ka yi kuskure", ko mata, ko aboki, ko dattijo, ya toshe babbar ƙofa, komai yawan azuminsa.

Game da karatu, Karin Magana babi 31 ne, shi ya sa mutane da yawa ke karanta babi ɗaya kowace rana a wata. Tsari ne mai kyau, amma yana da aibi. Babi 1 zuwa 9 jawabai ne masu tsawo na uba ga ɗansa, ana iya karanta su a dunƙule. Daga babi 10 kuwa, kusan kowace aya maganar kanta take yi, in ka zuba talatin a ka da safe, kafin azahar babu wadda ta rage. Abin da ya fi: ka karanta babin, ka zaɓi aya ɗaya, ka rubuta ta, ka sa mata sunan mutum ko aikin da za ka fuskanta a ranar. Ko kuma ka ware shafi huɗu a littafin rubutu, na harshe, na kuɗi, na aiki, na abota da iyali, kana zuba kowace aya a inda ta dace. Bayan wata guda za ka ga abin da littafin duka ya ce a kan kowane batu, ba aya ɗaya da ka tsinta ba.

Waɗanne littattafai ne ake kira na hikima?

Ayuba, Karin Magana da Mai Hadishi su ne ginshiƙai, ana haɗawa da wasu Zabura kamar 1, 37, 49 da 73. A Sabon Alkawari wasiƙar Yakubu ce ta fi kama da su. Katolika, masu littattafai 73, suna da ƙarin biyu a wannan fanni, Hikimar Sulemanu da Sirak, waɗanda ba sa cikin 66 na Furotesta.

Karin Magana ta ce a koya wa yaro hanya, ba zai bar ta ba. Ga wanda ya yi tarbiyya iya ƙoƙarinsa, ɗan ya lalace. Allah ya saɓa alkawari ne?

A'a. Karin magana tana faɗin yadda al'amura suka saba tafiya ne, ba yarjejeniya ba ce. Littafin da kansa ya nuna haka: 26:4 ta ce kada ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa, 26:5 ta ce ka amsa masa. An jera su da gangan. Dukansu gaskiya ne, aikin mai karatu ne ya gane wadda ta dace da wawan da ke gabansa. Haka 22:6, ayar koya wa yaro hanya, take. Tarbiyya tana da ƙarfi ƙwarai, amma yaro ma yana da nasa zaɓi, kuma littafin cike yake da maganar ɗan da ya ƙi jin uba.

Abin da ke faruwa in aka mai da karin magana doka shi ne abin da abokan Ayuba suka yi. Kwana bakwai suka zauna da shi ba su ce uffan ba (2:13), kuma wannan ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki sai suka ɗauki gaskiyar nan cewa mugu yakan girbi wahala, suka juya ta: tunda kana wahala, kai mugu ne. A ƙarshe Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba (42:7). Mai Hadishi 9:11 ya ƙara da cewa ba kullum mai gudu ke cin tsere ba, ba kullum mai hikima ke samun abinci ba. Don haka a gidan makoki, ko wurin matar da ba ta haihu ba, ko iyayen da ɗansu ya shiga shaye-shaye, kada a je da bayanin dalili. A je da abinci da zama da addu'a.

In babbar shawara ta taso, kamar aure ko aiki ko ƙaura, yaya ake bi?

A fara da tace abin da Magana ta riga ta yanke. Aikin da sai da takardar bogi za a samu, ko auren da za a raba wani gida kafin a ƙulla, ba ya buƙatar azumin neman nufin Allah, an riga an faɗa. Abin da ya tsallake wannan mataki shi ne ake aunawa.

Sai tattara gaskiyar al'amari. Luka 14:28-30 ya ce mai son gina hasumiya ya zauna tukuna ya yi lissafin kuɗin. A zauna da biro da takarda: albashin nawa ne, hayar ɗaki a garin nawa, kuɗin mota, makarantar yara, akwai ikkilisiya kusa? A maganar aure, a binciki hali a wurin waɗanda suka ga mutumin cikin fushi da cikin rashi, ba abokansa na biki kaɗai ba. A yi gwajin jini tun kafin magana ta yi nisa. In saurayi da budurwa dukansu AS ne, wato masu ɗauke da gadon sikila a jini, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da sikila, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka cikin yara huɗu ɗaya ne kawai zai kamu. Ba haka ba ne, kowane ciki lissafinsa sabo ne, ana iya samun biyu ko uku a jere. Wani kuskuren shi ne jinkirta gwajin har sai an kai kaya an sa rana, lokacin da kunya ba za ta bar kowa ya janye ba.

Na uku, shawara. Karin Magana 15:22 ta ce shiri yakan rushe in babu shawara. Mutum biyu ko uku sun isa, amma a zaɓe su da kyau: wanda ya san fannin, wanda ya san ka tun da daɗewa, da wanda ba shi da riba ko asara a abin da za ka yanke. Sarki Rehobowam ɗan Sulemanu ya nemi shawara har wuri biyu. Dattawa suka ce ya sauƙaƙa wa jama'a, tsararrakinsa suka ce ya ƙara tsanani, ya ɗauki wadda ta yi wa girman kansa daɗi, kabila goma suka ɓalle (1 Sarakuna 12). Yana da shekara 41 a lokacin, don haka ba ƙuruciya ce ta ci shi ba.

Na huɗu, a binciki zuciya: me ya sa nake son wannan? In amsar ita ce don wane ya gani, a dakata. Daga nan a sa wa kai wa'adi, a yanke, a ce in Ubangiji ya yarda (Yakubu 4:15). Akwai masu fakewa da "ina jiran Ubangiji" shekara da shekaru alhali tsoro ne. Mai Hadishi 11:4 ya ce mai duban iska ba zai yi shuka ba. Duk wanda kuma ya ce sai ka ba da amsa yau-yau, ba zai bar ka ka kwana a kai ba, wannan matsin kansa dalili ne na ƙin amincewa.

Mafarki fa, da annabci, da buɗe Littafi a sa yatsa a kan aya?

Allah ya yi magana ta mafarki ga Yusufu da Daniyel da wasu, ba mu musun ikonsa. Amma umarnin da aka ba ikkilisiya shi ne kada a raina annabci, a gwada kome, a riƙe mai kyau (1 Tasalonikawa 5:20-21). Gwajin: ya yi daidai da Magana? Masu bi da suka manyanta sun auna shi? Wa zai ci riba? Annabcin da ya ƙare da lambar asusun banki, ko ya ce uwarka ko kishiyar uwarka ce mayyar da ta tare maka hanya, ya riga ya faɗi a ma'aunin Yakubu 3:17. In wani ya ce Allah ya nuna masa ke ce matarsa, 'yar'uwa, kina da cikakken 'yancin cewa ke bai nuna miki ba.

Ulun da Gidiyon ya shimfiɗa don neman alama daga Allah (Littafin Mahukunta 6:36-40) ba tsari ne da aka ba mu ba. Allah ya riga ya faɗa masa abin da zai yi, shakka ce ta sa ya nemi alama har sau biyu, shi da kansa ya roƙi kada Allah ya yi fushi. Buɗe Littafi a makance kuwa yana raba aya da mahallinta, ya mai da Maganar Allah abin duba.

Me hikima ta ce game da bashi, lamuni da neman kuɗi?

Lamuni tukuna, don shi ya fi raba zumunci. Aƙalla sau biyar Karin Magana ta yi gargaɗi a kan tsaya wa wani (6:1-5, 11:15, 17:18, 20:16, 22:26-27), har ta ce za a janye gadon da kake kwance a kai. Dalilin a fili yake: kai ke ɗauke da hatsarin, wani ke riƙe da kuɗin. Wanda ya sa hannu a takardar banki ko ta ƙungiyar bashi, ya sani in mai bashin ya gaza shi za a kama. Kada ka tsaya wa kowa a kan adadin da ba za ka iya biya ka yafe ba. Wannan ba izinin rowa ba ne (1 Yahaya 3:17). In ɗan'uwa ya nemi ka tsaya masa a kan naira 500,000, ƙarfinka kuwa 50,000 ne, ba shi hamsin ɗin kyauta ya fi maka da shi alheri.

Mai cin bashi bawan mai ba da bashi ne (Karin Magana 22:7). Kafin ka karɓa, mai da ruwan zuwa na shekara. Kashi 15 a wata yana kama da kaɗan, amma a kan naira 100,000 dubu goma sha biyar ne kowane wata, 180,000 a shekara, uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba. Bashin da zai haifi kuɗi, kamar taki ko keken ɗinki, daban yake da bashin biki. Karin Magana 24:27 ta ce a gyara gona tukuna, sannan a gina gida.

Dukiyar gaggawa takan lalace, mai tarawa kaɗan-kaɗan shi ke ƙaruwa (13:11). Tsarin zuba kuɗi na MMM ya yi wa 'yan Najeriya alkawarin ribar kashi 30 a wata, ya rufe asusun mutane a Disamban 2016. Lissafi kaɗai ya isa ya tona shi: kashi 30 a wata, in ana mayar da ribar, naira 100,000 za ta haura miliyan 2.3 a shekara. Babu halattacciyar sana'ar da ke haihuwa haka, kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi. Irin wannan tsari ta hanyar amana yake yaɗuwa, kuma wanda ya gayyace ka sau da yawa shi ma da gaske ya yarda, don an biya shi sau ɗaya ko biyu.

A kan ajiya, Yusufu ya ba Fir'auna shawarar ware kashi ɗaya cikin biyar a shekaru bakwai na ƙoshi (Farawa 41:34), wato buhu biyu cikin goma. Ba doka ba ce a kanmu, amma manomin da ya sayar da hatsinsa duka da kaka, lokacin da ya fi araha, shi zai saya da tsada a tsakiyar damina. A ware iri da abincin gida tukuna, abin da ya saura shi ne na kasuwa.

Yaya ake bi da saɓani da ɗan'uwa?

Matiyu 18:15-17 ya jera matakai. Ka same shi ku biyu kaɗai. In bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, a kai gaban ikkilisiya. In ya ƙi jin ikkilisiya, a ɗauke shi kamar na waje. Manufar tun farko ita ce a maido da shi.

Inda ake ɓatawa sananne ne. Ana tsallake matakin farko a kai maganar zauren WhatsApp, ko a kawo ta a matsayin "roƙon addu'a". Ana ɗaukar 'yan goyon baya a maimakon shaidu. Masu sulhu kuma sukan yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, alhali mai fara kawo ƙara kullum shi ke da gaskiya har sai ɗayan ya zo (Karin Magana 18:17). Lokaci ma yana da muhimmanci. Abigail ta tari Dawuda yana zuwa da mutum 400 masu takuba don ya hallaka gidan mijinta Nabal, ta kai gurasa 200 da tumaki biyar gyararru da sauran kaya, ta yi magana mai taushi, jini bai zuba ba. Da ta dawo ta tarar Nabal ya bugu, ba ta ce masa kome ba sai da gari ya waye (1 Sama'ila 25).

Togaciya ɗaya: fyaɗe, lalata da yara, da dukan da ke barazana ga rai ba "saɓani" ba ne. Ba a tura wadda aka cuta ta je ta sami mai laifin su biyu. A fara kai ta inda za ta tsira, a kai ta asibiti, a sanar da hukuma, wadda Romawa 13:4 ta ce an ba ta takobi domin masu mugunta. Rufa-rufa don kare sunan ikkilisiya wayo ne, ba hikima ba.

Shan magani ko guje wa hatsari rashin bangaskiya ne?

Ba haka ba ne. Ishaya ya faɗa wa Hezekiya zai warke, ya kuma sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38:21). Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Da Shaiɗan ya ce Yesu ya diro daga kan Haikali, har da kawo aya, Yesu ya ce kada a gwada Ubangiji. Mai hawan jini ko ciwon suga ko mai shan maganin ƙanjamau, in an yi masa addu'a ya ji sauƙi, ya gode wa Allah, ya koma asibiti a auna shi. Likita ne zai ce a rage ko a daina.

Haka batun tsaro. Yesu ya ce a zama masu azanci kamar macizai, marasa ɓarna kamar kurciyoyi, in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani (Matiyu 10:16, 23). Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana (4:9). An zurara Bulus cikin kwando ta garun Dimashƙu, wani lokaci kuma ya kare kansa da 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma.

Mai bi zai iya ɗaukar hikima daga karin maganar gargajiya ko daga wanda ba Kirista ba?

Zai iya, da tacewa. Yetro firist ne na Madayana, Musa ya karɓi shawararsa. Lemuwel na Karin Magana babi 31 ba ya cikin sarakunan Isra'ila ko Yahuza, kuma koyarwar uwarsa ce aka rubuta. Masana sun daɗe da lura da kamannin Karin Magana 22:17 zuwa gaba da wata tsohuwar koyarwar Masar ta Amenemope. Bulus ya kawo maganar mawaƙan Helenawa a Atina.

"In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere" da Karin Magana 26:27 bakinsu ɗaya. "Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi" kuwa, in an ɗauke ta a matsayin shawara, ta yi karo da Romawa 12:19. Ita ma maganar abin da babba ya hango tana da iyaka, don Mai Hadishi 4:13 ya fifita matalaucin yaro mai hikima a kan tsohon sarkin da ba ya jin gargaɗi. Duba da tsafi da neman matattu an rufe ƙofarsu gaba ɗaya (Maimaitawar Shari'a 18:10-12).

In Sulemanu ya fi kowa hikima, me ya kayar da shi?

Ya fara da kyau a Gibeyon, inda ya roƙi zuciya mai ganewa maimakon dukiya ko tsawon rai. Ya yi karin magana 3,000 da waƙoƙi 1,005. Amma Maimaitawar Shari'a 17:16-17 ta hana sarki tara dawakai da mata da zinariya, shi kuwa ya tara dukan ukun: karusai 1,400, zinariya talanti 666 a shekara, mata 700 da ƙwaraƙwarai 300. A tsufansa matan suka karkatar da zuciyarsa ga gumaka (1 Sarakuna 11:4). Basirarsa ba ta ragu ba, biyayya ce ta zube, kuma a hankali ta zube, don auren 'yar Fir'auna tun farkon mulkinsa ne, kuma a siyasance dabara ce mai kyau.

Wajen zaɓen dattawa da ma'aji a ikkilisiya, yaya za a gane mai hikima?

Da aka yi gunaguni a Urushalima cewa ana ƙyale gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci, manzanni suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima (Ayyukan Manzanni 6:1-6). Dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, alamar an ba ɓangaren da ya yi kuka amanar gyaran. Yetro ya ce a nemi masu iyawa, masu tsoron Allah, masu gaskiya, masu ƙin cin hanci (Fitowa 18:21). Bulus ya ƙara da cewa a dubi yadda mutum ke riƙe gidansa, kuma kada ya zama sabon tuba (1 Timoti 3:4-6). Babu arziki ko iya magana ko kabila a cikin jerin. A tambayi maƙwabtansa da waɗanda suka taɓa binsa bashi.

Ko an sami mutumin kirki, kada a bar shi shi kaɗai da kuɗi. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi ɗaya ba, ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka shi don kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). A aikace, mutum biyu ko uku da ba 'yan gida ɗaya ba su ƙirga baiko nan take bayan sujada, su rubuta adadin, su sa hannu. A kai banki a ranar aiki ta farko, kada a kashe daga cikinsa kafin a kai. Cire kuɗi ya zama da hannun mutum biyu cikin uku, kada kuma a sa hannu a cakin da ba a cike ba don wani zai yi tafiya. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubuta lissafi daban. A karanta rahoto a gaban jama'a a lokacin da aka tsayar, a kuma sa waɗanda ba sa cikin kwamitin su duba littattafan da rasiɗai sau ɗaya a shekara.